Herbert Garratt: Tsohon injiniyan reluwen Legas da ya sauya fasalin jiragen dakon kaya

Da wuya a samu wanda ya san sunan Herbert William Garratt a Najeriya a yau, duk da cewa ya taɓa zama shugaban sashen kawunan jirage na reluwen Legas, kuma irin kan jirgin da ya ƙirƙiro ya shafe shekaru yana jan kaya a ƙasar nan.

An ƙera kawunan jirage masu ɗauke da sunansa sama da 1,600, waɗanda suka yi aiki a ƙasashe fiye da 40. Su ne suka riƙa jan kwal, tagulla, auduga da kayan masarufi a Afirka, Asiya, Ostireliya da Kudancin Amurka har zuwa lokacin da injin dizal ya karɓe fagen.

Sai dai shi mai ƙirƙirar bai ga ko kashi ɗaya bisa goma na wannan nasara ba. Ya rasu yana da shekara 49, shekara huɗu kacal bayan an ƙera na farko.

Tashinsa

An haifi Garratt a birnin Landan ranar 8 ga watan Yunin 1864. Yana ɗan shekara 15, wato a 1879, ya shiga koyon aiki a ma'aikatar gyara da ƙera jirage ta kamfanin North London Railway da ke unguwar Bow, ƙarƙashin injiniya John Carter Park. Ya yi shekara uku a can.

Daga nan ya wuce garin Sunderland, inda ya yi aiki a kamfanin Doxford mai ƙera jiragen ruwa da injinansu. Bayan haka ya zama mai duba ingancin kayan aiki a madadin manyan injiniyoyi irin su Sir Alexander Rendel, waɗanda kamfanonin jiragen ƙasa na ƙasashen waje ke ɗauka domin su sa ido a kan abin da ake ƙera musu a Ingila.

A 1889 ya bar gida zuwa Ajantina, ya kama aiki da kamfanin Central Argentine Railway. Cikin shekara uku ya zama shugaban sashen kawunan jirage na kamfanin.

Daga 1900 zuwa 1906 kuwa bai zauna wuri ɗaya ba. Ya fara da Kyuba, sannan a 1902 ya zo Legas, a 1904 kuma ya sake tsallaka teku zuwa Lima ta ƙasar Peru.

Abin da ya tarar a Legas

Lokacin da Garratt ya iso Legas, layin dogon bai daɗe da kaiwa Ibadan ba, domin a 1901 aka buɗe shi. Jirgi bai shiga Kano ba sai 1911, bayan tafiyarsa da shekara bakwai.

Layin Legas irin wanda Turawan mulkin mallaka suka saba shimfiɗawa ne a ƙasashen da suka mamaye. Faɗin da ke tsakanin ƙarafansa ƙafa uku da rabi ne, alhali na Ingila ƙafa huɗu da inci takwas da rabi ne. An rage faɗin ne domin a rage kuɗi.

Wannan tsimi bai tsaya a faɗi ba. A irin waɗannan layuka ana amfani da ƙarafa marasa kauri da gadoji marasa ƙarfi. Idan an tarar da dutse, maimakon a fasa shi, sai a zagaye shi da kwana mai tsanani, ko a haura shi.

Duk inda Garratt ya yi aiki a ƙetare, matsalar kusan iri ɗaya ce. Kaya na ƙaruwa kowace shekara, ana bukatar kan jirgi mai ƙarfi. Amma ƙarfin injin tururi yana tafiya ne da girman tukunyar da ke dafa ruwa, babbar tukunya kuma nauyi gare ta, layin kuwa ba zai ɗauka ba.

Idan aka ce a raba nauyin ta hanyar ƙara yawan ƙafafu, kan jirgin zai yi tsawo ya sandare, ya kasa shan kwana. Idan aka ce a haɗa kai biyu su ja tare, sai an biya direba biyu da mai zuba kwal biyu, ga kuɗin gyara ninki biyu. Sake shimfiɗa layi da gina sababbin gadoji kuwa ya fi ƙarfin aljihun yawancin kamfanonin.

Da wannan damuwa ya koma Ingila a 1906.

Dabarar da ya zo da ita

A kan jirgi na yau da kullum, tukunyar tururi tana zaune ne a bisa ƙafafun da ke jan jirgin, sannan a bayanta a ɗaura wani ƙaramin tarago mai ɗauke da ruwa da kwal.

Garratt ya wargaza wannan tsari. Ya raba kan jirgin gida uku. A gaba akwai inji guda da ƙafafunsa, yana ɗauke da tankin ruwa. A baya akwai wani injin da nasa ƙafafun, yana ɗauke da kwal da ƙarin ruwa. Tukunya da ɗakin direba kuma suna rataye a tsakiya a kan wani dogon firam, babu ƙafa ko ɗaya a ƙarƙashinsu.

Abin ya yi kama da ƙarti biyu da suka rataya buhu a jikin sanda, kowa ya saɓa bakin sandar a kafaɗarsa. Wurin da firam ɗin ya hau kan kowane inji yana juyawa, saboda haka na gaba zai iya shiga kwana alhali na baya bai iso ba.

Wannan sauyi ya warware matsaloli da dama a lokaci guda.

Tunda babu ƙafafu a ƙarƙashin tukunya, ana iya yin ta gajera mai ƙiba, da murhu mai faɗi da zurfi. Irin wannan murhu yana samun iska sosai, yana kuma iya cin kwal marar kyau, wanda shi ne abin da ake samu a wurare da yawa.

Nauyin kan jirgin yana rarrabuwa a kan ƙafafu masu yawa da ke nesa da juna, don haka layi marar ƙarfi da gada marar ƙarfi za su iya ɗauka.

A kan kwana, tukunyar tana karkata ne zuwa cikin kwanar, abin da ke ƙara wa jirgin daidaito. Kuma yana tafiya gaba ko baya ba tare da wani bambanci mai yawa ba, don haka ba dole sai an juya shi a ƙarshen layi ba.

Mafi muhimmanci ga masu kamfani shi ne, direba ɗaya da mataimakinsa za su yi aikin da a da sai kai biyu.

Ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin kan jirgi mai lanƙwasa ba. Kafin shi akwai ƙirar Robert Fairlie, da ta Anatole Mallet ɗan ƙasar Suwizalan wadda Amurkawa suka runguma. Amma a ƙirar Mallet tukunya tana nan a bisa ƙafafu, kuma idan aka zo kwana hancinta yana leƙawa waje. Wannan ba matsala ba ce a manyan layukan Amurka, amma a siraran layukan Afirka babbar matsala ce.

Ƙofar da aka rufe, da wadda aka buɗe

A watan Yulin 1907 Garratt ya shigar da takardar neman mallakar fasahar. Ba shi da masana'anta, ba shi da jarin da zai ƙera ko guda ɗaya. Dole ya nemi wanda zai yarda da zanen da ke hannunsa.

Ya kai wa kamfanin Kitson da ke garin Leeds, suka ƙi karɓa. Kamfanin yana da tasa ƙirar mai lanƙwasa da yake sayarwa a Kudancin Amurka.

A daidai wannan lokaci yana aikin duba kayan da ake ƙera wa reluwen jihar New South Wales ta Ostireliya. Aikin ne ya riƙa kai shi masana'antar Beyer, Peacock da ke Gorton a birnin Manchester, wadda ta daɗe tana ƙera kawunan jirage domin ƙasashen waje. A nan aka saurare shi, aka kuma ƙulla yarjejeniya cewa kamfanin zai riƙa ƙerawa yana biyan sa kamasho.

Abin da Garratt ya kawo tunani ne da zane na gaba ɗaya. Mayar da shi ƙarfe mai tafiya ya ci aikin masu zanen kamfanin, musamman wani matashi mai suna Samuel Jackson. Babban ƙalubalen shi ne bututun da zai kai tururi mai zafi daga tukunya zuwa injina biyu da ke juyawa, ba tare da yoyo ba.

Na farko ya tafi Tasmaniya

Odar farko ta fito ne daga tsibirin Tasmaniya na Ostireliya. A can akwai wani ɗan siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da ake kira North East Dundas Tramway, wanda ke kwaso ma'adinai daga cikin duwatsu zuwa garin Zeehan. Layin cike yake da hawa da kwana-kwana.

A 1909 aka ƙera musu guda biyu, K1 da K2. Ƙanana ne, kowanne bai wuce tan 30 da 'yan kai ba. An sa silindojinsu suna fuskantar ciki, ta yadda biyu suka faɗo ƙarƙashin ɗakin direba suna gasa masa ƙafa. An gyara wannan kuskure a waɗanda suka biyo baya, aka mayar da silindojin can bakin kowane inji.

Duk da haka sun yi aikin da aka saye su domin shi. Na uku ya tafi layin Darjeeling da ke hawa tsaunukan Himalaya a Indiya. A 1911 aka ƙera wa reluwen Yammacin Ostireliya guda shida, kuma ganin yadda suka yi aiki ya sake yin oda. A 1912 Tasmaniya ta karɓi wasu manya domin babban layinta, har da na jan fasinja.

Kasuwa ta fara buɗewa ke nan sai ajali ya zo. Garratt ya rasu ranar 25 ga watan Satumban 1913 a Richmond da ke kusa da Landan. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aikin ya ja baya sosai.

Gwajin da ya raba gardama

Abin da ya fito da ƙirar Garratt fili ya faru ne shekara takwas bayan rasuwarsa, a Afirka ta Kudu, inda faɗin layi daidai yake da na Najeriya.

A 1921 reluwen ƙasar ya karɓi wani babban Garratt, ya gwada shi da kan jirgi ƙirar Mallet a kan layin lardin Natal mai yawan hawa. Garratt ya ja kaya fiye da abokin karawarsa, cikin ƙanƙanin lokaci. Daga nan Afirka ta Kudu ta juya wa Mallet baya, ta kuma zama ƙasar da ta fi kowace yawan Garratt a duniya.

Ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka san jiragen a can, Cyril Williams, ya koma kamfanin Beyer, Peacock a shekarun 1920, ya riƙa zagaya duniya yana tallata su.

A 1929 da 1930 aka kai wa Afirka ta Kudu guda takwas samfurin GL, kowanne ya haura tan 200, domin jan kaya daga tashar ruwa ta Durban zuwa kan tudu. Daga 1954 kuma ta fara karɓar samfurin GMA, wanda yawansa ya kai 120.

Masana suna bambanta waɗannan jirage ne da lissafin ƙafafu. Idan aka rubuta 4-8-2+2-8-4, ana nufin kowane inji yana da ƙananan ƙafafu huɗu masu yi masa jagora, manya takwas masu ja, da wasu ƙanana biyu a ɓangaren tukunya. Jimilla ƙafa 28, kuma 16 daga ciki ne ke ja.

Ƙaton Mombasa zuwa Nairobi

Idan ana maganar jan kaya masu nauyi, samfurin da ya fi nuna abin da Garratt ya hango shi ne mai lamba 59 na reluwen Gabashin Afirka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kaya sun yi cunkoso a tashar ruwa ta Mombasa. Hanyar fitar da su zuwa Nairobi da Uganda layi ɗaya ne tilo, mai faɗin mita ɗaya. Layin yana tasowa daga gaɓar teku ya haura sama da mita 1,600 kafin ya isa Nairobi, tafiyar kusan kilomita 530.

A layi ɗaya ba a iya ƙara yawan jirage yadda aka ga dama, domin dole wani ya tsaya a tasha ya jira wani ya wuce. Mafita ita ce kowane jirgi ya ja kaya mai yawa.

A 1955 da 1956 kamfanin Beyer, Peacock ya ƙera guda 34. Kowanne yana da nauyin tan 252 da tsawon da ya haura mita 30, kuma mai yake sha maimakon kwal. Yana jan tan 1,200 a kan wannan hawa. Ba a taɓa yin kan jirgin tururi da ya kai shi girma da ƙarfi a layi mai faɗin mita ɗaya ba.

An yi musu jan fenti mai duhu, an kuma raɗa musu sunayen tsaunukan yankin, kamar Kenya, Kilimanjaro da Gelai. Sun yi aiki har zuwa wajen 1980.

Komawarsa Najeriya

Garratt ya bar Legas a 1904, amma ƙirarsa ta dawo bayan shekara 26. A 1930 reluwen Najeriya ya karɓi manya guda biyu masu tsarin 4-8-2+2-8-4. Tsakanin 1935 da 1943 aka ƙara wasu 22 marasa nauyi sosai, waɗanda aka tsara domin sassan layin da ƙarafansu ba su da kauri.

A lokacin layin ya riga ya haɗa Legas da Kano, kuma shi ne ke sauko da gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga daga Arewa zuwa bakin teku.

Sudan ma ta sayi guda goma a tsakiyar shekarun 1930, daga baya ta sayar wa Rodeshiya, wato Zimbabuwe da Zambiya na yanzu. Saliyo ta yi amfani da su a kan siririn layinta, an kuma kai wasu Ghana a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Akwai abin lura a nan. Ƙirar ta samu karɓuwa a Afirka ne saboda ta ba gwamnatocin mulkin mallaka damar kwasar kaya masu yawa ba tare da sun kashe kuɗin gyara layi ba. Ƙasashe da dama sun samu 'yancin kai suka gaji layukan nan yadda suke, da ƙuncinsu da kwana-kwanarsu.

A gida bai yi kasuwa ba

A Ingila, ƙasar haihuwarsa, Garratt bai samu shiga sosai ba. Kamfanin LNER ya sayi ɗaya tak a 1925 domin tura jiragen kwal a wani hawa da ke Worsborough. Kamfanin LMS ya sayi 33 tsakanin 1927 da 1930 domin jan kwal daga Toton zuwa Landan. Layukan Ingila suna da ƙarfi, don haka matsalar da ya warware ba ta dame su kamar sauran wurare ba.

Manyan kamfanonin Amurka ba su saya ba ko ɗaya. Tarayyar Sobiyet ta karɓi guda ɗaya a 1932, wanda yana cikin mafiya girma da aka taɓa ƙerawa, amma ba ta ƙara ba.

Ƙirar tana da nata naƙasu. Ruwa da kwal suna zaune ne a bisa ƙafafun da ke ja, saboda haka yayin da suke raguwa nauyi yana raguwa, ƙafafun su fara sulɓi a kan hawa. Wannan ne ya sa Afirka ta Kudu ta riƙa ɗaura wa samfurin GMA taragon ruwa na daban. A cikin ramin dutse kuma hayaƙi da zafi suna galabaitar da direbobi. Sannan idan kai ɗaya ya lalace, tamkar kai biyu ne suka tsaya.

Abin da ya rage

Wa'adin mallakar fasahar ya ƙare a 1928. Daga nan kamfanin ya riƙa kiran nasa Beyer-Garratt domin ya bambanta su da na wasu masana'antun Jamus, Beljiyam, Faransa da Sifaniya. Shi kaɗai ya ƙera sama da dubu.

Da dizal ya yi ƙarfi, kasuwa ta mutu. Masana'antar Gorton ta rufe a 1966. Garratt na ƙarshe guda takwas an haɗa su ne a Afirka ta Kudu a 1967 da 1968. Zimbabuwe kuwa, da yake tana da kwal amma ba ta da mai, ta yi wa nata garambawul a farkon shekarun 1980 ta ci gaba da amfani da su bayan sauran ƙasashe sun daina.

K1, wanda aka fara da shi, bai salwanta ba. Kamfanin ya sayo shi daga Tasmaniya a 1947 ya dawo da shi Manchester. Daga baya masu sha'awar tsofaffin jirage suka karɓe shi, suka gyara, har ya sake tafiya a layin Welsh Highland da ke yankin Wales, inda wasu Garratt da aka dawo da su daga Afirka ta Kudu ke jan 'yan yawon buɗe ido.

A gidan tarihin jiragen ƙasa na Nairobi kuma, har yanzu ana iya ganin samfurin 59 a tsaye, da tukunyarsa a rataye tsakanin injina biyu kamar yadda Garratt ya zana a 1907.